Kifin da Ya Wuce ta Bayan Perina

Shekara talatin da ɗaya Perina ta yi tana yanke kan kifin sadin a masana'antar gwangwani ta garinmu, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa ganin ko guda ɗaya da ransa a cikin ruwa ba. Da dariya take faɗin haka, ta miƙo maka hannuwanta ka gani: yatsun sun karkace, fatar ta yi kanta saboda gishiri da ƙanƙara. Takan ce da za a jera kifin da ya bi ta hannun nan, da an yi gada daga tsibirinmu har birnin Split, a kuma yi ta dawowa. Mijinta, marigayi Stipan, yana cikin masu kamo su, kuma shi ya dasa mata abin a rai. Ya sha gaya mata cewa abin da take gani a kan tebur gawa ce kawai, sadin na gaske sai suna dubu bisa dubu, suna juyi tare kamar mai rai ɗaya. Shi ma fa daga saman jirgi ya hango.

Ni sunana Dinka, benci ɗaya muka zauna da ita a firamare. Na ci gaba da karatu na samu aiki a gidan waya, ita kuwa tana shekara sha biyar ta ɗaura ɗankwali ta shiga masana'anta. A lokacin ban taɓa yi mata ƙyashin komai ba. Ƙyashin me? Matar da ko coci ta shigo sai ƙarnin kifi ya riga ta zama? Sai da furfura ta fito mana, lokacin da ya kamata a ce mutum ya yi hankali, sannan abin ya kama ni.

Ƙungiyarmu ta masu nutso ba wata babba ba ce. Tsohon ɗakin ajiyar raga ne a bakin tashar jiragen ruwa, da injin ɗura iska mai tari kamar tsoho, da jirgi ɗaya, da mai jirgin, Barba Jerko. Barba muke ce wa duk dattijon da teku ta gasa. Ni ce mace ta farko da ta shiga, shekara sha tara ke nan a lokacin da abin da zan ba ku labarinsa ya faru, kuma ni nake taya shi koyar da sababbi. Takardun shaidata huɗu suna rataye a bango. Ina iya cire gilashin fuskata a zurfin mita ashirin, in mayar, in kore ruwan da huci ɗaya. Ina iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa, ba sama ba ƙasa, kamar an rataye ni da zare. Ba yabon kai ba ne, kowa ya sani.

Duk wanda ya zo koyo, Barba Jerko sai ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Amsoshi mun ji iri-iri. Wani hoto yake so ya tura wa abokai. Wani ya ce ƙarƙashin ruwa ne kaɗai wurin da wayarsa ba ta ƙara. Akwai wata malamar asibiti da ta ce tsoron teku take ji, ta gaji da jin tsoron. Ni da na zo cewa na yi ina son wurin da komai yake da ƙa'ida, in ka bi ka dawo lafiya. Ranar da Perina ta turo ƙofa, tana da shekara hamsin da takwas, an rufe masana'anta, Stipan ya shekara biyu a ƙasa, Barba ya dube ta daga sama har ƙasa ya yi mata tambayar.

Ta ce, “Na zo in ga waɗanda na yanka.”

Ya haɗa ta da ni, don ba a nutso mutum ɗaya, kuma a cewarsa ni kaɗai ke da haƙurin da za a buƙata.

Haƙuri kam an buƙata. Ban taɓa koyar da mai taurin hannu irin Perina ba. Ɗamarar darma sai ta ɗaura ta a juye. Takalmin iyo sai ta manta ƙafa ɗaya a jirgi. Atisaye kuwa ta tsane shi kamar maganin ɗaci. In na ce mu durƙusa a kan yashi ta cire gilashi ta mayar, sai mun hau jirgi ta fara mita, wai iskar da aka ɗura mata da ƙyar za ta ƙarar wajen cire tabarau, alhali ko a gida kullum sai ta cire tabarau kafin ta kwanta. Ina tsakiyar nuna mata abu, sai in ga kanta ya bi wata ƙaguwa da ke wucewa, ya bar ni ina magana da hannu ni kaɗai kamar mahaukaciya.

Da iyakar abin ke nan, da na ji daɗin zama gwana kusa da ita har abada. Amma muna da al'adu biyu a ƙungiyar nan, kuma duka biyun suka juya mini baya.

Ta farko a tsanin jirgi take. Tukunyar iska, allurar agogonta tana kan ɗari biyu ake sauka da ita. In ka hawo, tun ruwa yana zuba daga jikinka, Barba Jerko zai cafki agogon iskarka ya faɗi abin da ya rage da ƙarfi kowa ya ji. A cikin kowane mutum biyu, wanda tasa ta fi ƙasa shi zai wanke rigunan roba da kayan su duka a kwamin ruwan daɗi in an koma. Shekaru na yi ban taɓa kwamin nan ba, don maza nake bi, su kuwa zuƙar iska suke kamar zugazugin maƙeri. Ranar farko da muka sauka sosai da Perina, Barba ya kama nawa ya ce casa'in. Ya kama nata, ya kai shi kusa da ido, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ya ce ɗari da ashirin da biyar. Na ce agogon ya lalace. Aka gwada, lafiyarsa ƙalau.

Haka aka ci gaba, mako bayan mako. Mataimakiyar malami, hannu cikin kwami, tana cuɗa rigar ɗalibarta, ɗalibar tana zaune a kan bokiti tana ɓare ɓaure. Na tambaye ta sirrin, ta ce ba sirri. A masana'anta awa tara ake tsaye, wadda ta cika rawar jiki kafin tsakar rana ta zube. Sai ka koyi barin komai na jikinka ya yi barci, yatsu kawai su yi aiki. Abin da ni na biya kuɗin kwas na karanta a littafi ban samu ba, ita layin yankan kifi ya ba ta.

Al'ada ta biyu ita ta fi ci mini rai. In an gama wanki, sai a zauna a dogon tebur ƙarƙashin rumfar inabi, ga gasasshen kifi, ga burodi da man zaitun, Barba ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, “Me aka gani?” Ni dama amsata a shirye take: zurfi kaza, minti kaza, sanyin ruwa kaza, ana hangen nesa ko ba a hange. Ya gyaɗa kai ya ce daidai, ya wuce. Sai a zo kan Perina. Ta ga wani abin ruwa mai hannu takwas yana jera ɓawon kawa a ƙofar raminsa kamar mace mai jiran baƙi, da ya lura ana kallonsa sai ya jawo dutse ya rufe ƙofa, ya bar ido ɗaya a waje. Ta ga wani ɗan kifi kamar yatsa yana sakace wa wani ƙato haƙora, ƙaton ya hangame baki yana lumshe ido kamar Barba a kujerar wanzami. Ta ga wani baƙin kifi yana gadin ƙwai yana korar kowa, har ita, wai ya tuna mata da mai gadin masana'anta.

Nutso ɗaya fa muka yi. Tsakanina da ita bai wuce kamu ɗaya ba. Ina ina lokacin da duk wannan ke faruwa? Ina duba agogona, ina duba nata, ina duba ko igiyarta ta saki.

Mutane sukan ajiye cokali su saurare ta. Baƙin da ke zuwa da rani, Jamusawa da mutanen ƙasar Cek, suka fara tambaya ko za a haɗa su da kakar nan. Barba Jerko, wanda a shekara sha tara ban taɓa samun abin da ya wuce “daidai” daga bakinsa ba, sai ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ma ina dariyar, amma ba ta kai ciki ba.

Ba abin da ban gwada ba. Na koyi riƙe numfashi tsakanin zuƙa da zuƙa don in rage shan iska, abin da ni da kaina nake hana ɗalibai, na dinga fitowa da ciwon kai kamar an sara ni, kuma duk da haka ni ce a kwami. Na sayi littafin kifaye na haddace sunayensu na Latin. Rannan tana ba da labarin baƙin kifin nan, na katse ta na faɗi sunansa na gaskiya. Ta dube ni ta ce, “Sunansa ke nan? To shi dai bai sani ba, Uwar Agogo.” Sunan ya bi ni. Ni ma na raɗa mata Sarauniyar Gwangwani, amma nawa bai kama ba, don ita ta fi kowa jin daɗinsa.

Wuri ɗaya ya rage mini da nake da iko, wato atisaye, kuma a nan na huce. Duk saukar da za mu yi, minti biyar na farko nawa ne. Na fi matsa mata a kan wanda ta fi tsana, na raba iska. Zan yi mata alamar iskata ta ƙare, hannu a kan maƙogwaro. Ita kuma ta zaro bututun ajiya, mai ruwan ɗorawa, ta sa mini a baki, ta damƙi madaurin ƙirjina da hannun hagu, ta kafe ni da ido, mu tashi a hankali. Ƙa'idar ita ce ba ka ɗauke ido daga wanda kake ba iska, don a idonsa za ka ga in tsoro zai sa ya harba sama, kuma harbawa sama daga zurfi ita ke kashe mutum. Wata rana muna cikin yi kunkurun teku ya gifta, abin da sai a shekara ba a gani ba a wajenmu. Ta juya kai. Na sa muka sake daga farko, kafin mu gama ya tafi. A jirgi ta ce mini, “Dinka, fuskar nan taki na san ta tun muna shekara bakwai. Ba abin da ya ƙaru sai tamoji.”

Ina gaya wa kaina don lafiyarta nake yi. Rabin maganar gaskiya ne.

A shekararta ta huɗu likita ya saurari ƙirjinta ya ɓata fuska. Zuciyar tana tsallake bugu. Takardar lafiyar da muke sabuntawa duk shekara, tata za ta ƙare a ƙarshen Oktoba, ya ce ba zai sake sa mata hannu ba. Kuma har lokacin ba ta ga sadin ba. Ba sa shigowa lungunan gaɓa inda muke nutso kullum. Sai can wajen wani dutse da ke ƙarƙashin ruwa, tafiyar awa biyu, wanda masunta ke kira Gwauro saboda shi kaɗai yake tsaye a fili. A watan Oktoba manyan kifaye sukan koro su su taru a kansa. Sau ɗaya a shekara Barba yake kai mu, ranar da iska ta kwanta. Shekara biyun farko Perina ba ta kai matakin zuwa ba, ta uku iska ta hana kowa. Saura wannan. Duk ƙungiya an sani, ba mai faɗa.

Ranar ta zo a mako na uku na watan. Da safe teku ta kwanta kamar an shafa mata mai. Tun daga nesa muka hango tsuntsaye suna faɗawa ruwa a kan Gwauro, Barba ya nuna su da haɓa. Perina ta ɗaura ɗamararta daidai, karo na farko ba tare da na taɓa ba. Kafin mu faɗa ya ja mana kunne: mu sauka kafaɗar dutsen, mita ashirin da biyu, mu kama wuri mu jira. Akwai jan ruwa, don haka duk wadda allurarta ta taɓa saba'in, a juyo, ba ciniki.

Ni kuwa tun a gida na ƙulla abina. Ni zan fara hango su. Ni zan taɓa kafaɗarta in nuna mata, yadda duk ranar da za ta ba da labarin a tebur, dole ta fara da cewa Dinka ce ta nuna mini. Abin da nake so ke nan, ba yawa, a ganina.

Da muka isa kafaɗar, Perina ta sa yatsu biyu ta kama wani tsagi, ta saki jiki, ta zama kamar ciyawar da ta tsiro a wurin. Ni na kasa zama. Na kutsa gaba ina dukan ruwa, na leƙa bayan dutsen, ba komai sai shuɗi. Na dawo. Na sake zagawa ta ɗaya gefen, ruwa yana tura ni ina tura shi. Na dawo ina haki. Sai ta ɗaga hannu ta tambaye ni iskata, yadda na koya mata.

Na duba. Sittin. Na riga na wuce inda aka ce a juya.

In na faɗi gaskiya, nutso ya ƙare. Nutsonta na ƙarshe a Gwauro, kuma Dinka ce ta ƙarar da shi, mai takardu huɗu a bango. Na hango tsanin jirgi, na ji muryar Barba yana faɗin lambata, sannan yana faɗin tata. Na ɗaga hannu na yi mata alamar ɗari.

Shekara sha tara ban taɓa ƙarya a ƙarƙashin ruwa ba. A sama ina yi kamar kowa, amma a ƙasa hannu ba ya faɗin abin da agogo bai faɗa ba, wannan shi ne abin da ya sa mutum yake yarda ya bi wani cikin wurin da ba iska. Ta dube ni ta ɗan jima, sannan ta mayar da kai ga shuɗin. Na ce a raina ai lokaci na ƙara mata. Na fara riƙe numfashi, ina ƙirga minti biyu kawai, sai wasu biyun, kaina yana sarawa. Daga baya na daina duba agogon gaba ɗaya, ni Uwar Agogo, don ba na son ganin abin da zai gaya mini.

Sai ƙananan kifayen da ke yawo a kan dutsen suka shige ramuka a lokaci ɗaya. Hasken ruwan ya canja ta gefen fili. Perina ta ɗago kai, yatsunta suka saki tsagin. A daidai nan na zuƙa, iskar ta zo da tauri kamar ana tsotson kara mai toshiya. Na sake zuƙa, babu.

Na kamo hannunta na ja, na sa nawa hannun a maƙogwaro. Ba wasa a ciki wannan karon, kuma ta gane. Hannuwan nan da suka shekara huɗu suna ɓata mini rai, ban ma ga motsinsu ba. Bututu mai ruwan ɗorawa yana bakina, hannunta na hagu ya damƙi madaurina, idonta yana cikin nawa. Na zuƙi iskarta kamar mai shan ruwa bayan tafiya. Kuma duk abin da na koya wa mutane ya gudu ya bar ni. Ƙafafuna suka fara dukan ruwa suna neman sama. Ta fizgo ni ƙasa da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta girgiza kai, ta ɗaga yatsa ɗaya a gaban gilashina kamar uwa da ɗa. Muka fara tashi a hankali, bayanta yana fuskantar fili, ni ina fuskantarsa.

Ta saman kafaɗarta na gan su.

Da farko kamar hadari ne ya taso daga ƙasa. Sai hadarin ya juya gefe, ya zama azurfa gaba ɗaya, bango guda daga inda ido ya fara har inda ya ƙare. Suka miƙe kamar an warware ƙyalle, suka dunƙule, suka sake warwarewa. Ban taɓa ganin abu mai yawa haka yana da niyya ɗaya ba. Na manta da tsoro. Na kama kafaɗar Perina ina son juya ta, ina nuni da hannu, ina ihu a cikin bututu. Ta ƙi. Ta ƙara matse madaurin har ya shiga naman ƙirjina. Ta san suna nan, ai walƙiyarsu tana wasa a kan hannunta, inuwarsu tana bi ta fuskata. Ba ta juya ba.

A mita biyar dole a tsaya minti uku kafin a fito. Minti ukun nan garken yana kewaya ƙasa da ƙafafunta, a bayanta, ita kuwa daga idona sai agogonta, daga agogonta sai idona, kamar yadda wata muguwar malama ta koya mata. Da muka fito, ta tabbatar rigar da ke hana ni nutsewa ta cika da iska ina yawo a sama, sannan ta mayar da fuska cikin ruwa. Sun tafi. Sai ɓawon jikinsu kaɗai yana sauka a hankali yana ƙyalli. Ta tara hannu, guda ɗaya ya manne a safar hannunta.

A tsani Barba Jerko ya kama agogona ya duba. Bai faɗi lambar ba. Tunda nake ban taɓa ganin ya kama agogo ya yi shiru ba, kuma da ya daka mini tsawa da ya fi mini sauƙi. Ya saki, ya kama na Perina, ya ce, “Hamsin. Kuma mutum biyu suka sha.” Kafin tsakar rana iska ta taso, ya ɗaga anga muka juyo gida. Ba a sake komawa Gwauro ba a shekarar.

Ina kan kwami ina wanki ta zo ta kifa bokiti ta zauna. Ban ɗago ba na gaya mata cewa ba bututu ne ya yi yoyo ba, ba agogo ne ya lalace ba. Sittin ce, na ce mata ɗari. Na gaya mata dalilin ma, duk da bai da kyan faɗa.

Ta ce ta sani. Kumfata ta gani tana tashi kamar tukunya a kan wuta, ko makaho ya san mai wannan hakin ba ta da ɗari. “Da na bi abin da kika koya mini, da na kamo agogon na duba da idona,” in ji ta. “Amma ni ma so nake ya zama ɗari. Kin yi ƙarya, na taya ki.”

Na tambaye ta me ya sa ba ta waiga ba, ko sau ɗaya, ko na ƙiftawar ido.

“Idonki na gani,” ta ce. “Irin na kifayen da ake zubo mana a teburin masana'anta da safe. Da na waiga, da yanzu Barba yana neman wanda zai gaya wa 'yarki.” Ta miƙe tana karkaɗe siket. “Ki gama ki zo. Ke kika gani, ke za ki faɗa.”

A tebur ba mai yawan magana. Barba ya bi layi har ya zo kanta, ya yi tambayar a hankali kamar mai taka ƙwai. Ta ce, “Na ga Dinka. Minti bakwai. Ba ta canja ba.” Aka ɗan yi dariya. Ya juyo gare ni. Na buɗe baki na fara da abin da na saba, mita ashirin da biyu, sai ta ƙwanƙwasa tebur da ƙotar wuƙa.

Ta fara yi mini tambayoyi. Ta ina suka ɓullo? In za su juya, na gaba ne ke farawa ko duka tare? Bakinsu a buɗe yake ko a rufe? Na ce ban lura ba, sai kuma na ji ashe na lura: a buɗe yake, dukansu, suna tafe suna hamma, kuma in suka rufe sai kumatunsu su yi walƙiya. Suna da ƙara? Suna da ita, kamar yayyafi a kan rufin kwano can nesa. Na gaya mata wani babban kifi ya ratsa ta tsakiyarsu, suka buɗe masa rami, ya wuce, ramin ya rufe kamar ba a yi ba. Tun ina jan maganar da ƙyar har ta fara zuwa da kanta. Da na ɗago, kowa ya ajiye cokali. Abin da na shekara huɗu ina nema ke nan, ga shi ya zo, kuma ban iya ko kallon mutane ba.

Perina idonta a rufe. Da na gama ta ce, “Haka Stipan ya ce.” Ta jawo farantin sadin ta ci gaba da ci.

Barba ya cire ni daga koyarwa har bazara, bai yi mini jawabi ba, ni ma ban nema ba. Da na dawo ya ce daga yau in na kawo masa lamba a tebur ba tare da kifi ba, zan yi wankin ƙungiya duka. Ina ƙoƙari. Makon jiya na ga wata ƙaguwa ta yafa soso a baya tana tafiya da shi.

Perina ba ta sake shiga ruwa ba. Yanzu ita ke gasa kifin tebur, kuma ɓawon nan guda yana manne a cikin gidan tabaraunta. Duk baƙon da ya zauna sai ya ji labarin garken Gwauro. Ba ta taɓa cin amanata ba, kullum da “Dinka ce ta gani” take farawa, abin da na so tun farko. Sai dai kafin ta kai jimla ta uku ba wanda ke tuna wata Dinka. Ramin nan da na ba ta a magana ɗaya, a bakinta sai ka ga babban kifin ya shiga, ka ga ƙananan suna matsawa kamar mata a layi in shugaban aiki ya shigo, ka ji sanyin ruwan da ya bari a bayansa. Ana cewa gani ya kori ji. Ni da na gani da idona, nakan tsaya da rigar roba tana ɗiga a hannuna ina saurare daga bakin kwami, ina jin haushin nan na da yana motsi a ƙirjina, don garken da take ba da labari ya fi wanda na gani kyau.